Shin da gaske jirgin faiba ba ya nutsewa?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni maƙerin jirgin katako ne a Yawuri, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Ana ta cewa gwamnati za ta hana jiragen katako, kowa ya koma na faiba (zaren gilashi da ake haɗawa da rezin, wani ƙaro mai daskarewa) tunda shi ba ya nutsewa. Wani kuma ya ce in ba shi kuɗin fom ya samo mini rancen asusun masu jiragen ruwa in buɗe wurin ƙera faiba. Hankalina ya tashi, yara shida ke ci a ƙarƙashina. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Asusun da yake nufi an kafa shi ne ƙarƙashin dokar jigilar gaɓar teku ta 2003, hukumar kula da harkokin jiragen teku, NIMASA, ke riƙe da shi, ana tara shi daga kashi 2 cikin 100 na kwangilar jiragen da ke wannan harka. Na kamfanoni ne masu sayen manyan jirage, ta hannun bankuna ake nema, kuma su kansu masu jiragen sun shafe sama da shekara 20 suna jiran a fara rabo. Ina maƙeri a bakin kogi zai samu ta hannun ɗan fom? Hukumar da ta shafe ka ita ce NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, mai hedikwata a Lokoja. Gaskiya ne ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kiran jihohi su daina amfani da jiragen katako, amma abin da ke ɓata mini rai shi ne ana maganar hani, ba a maganar wa zai koya wa irinku sabon aikin. Ku haɗu ƙungiya ku yi rajista, ku nemi horo da kayan aiki da sunan ƙungiya. An fi saurarenku a haka.

Yanzu ga inda na fi damuwa. Wa ya ce faiba ba ya nutsewa? Kullum sai na ji wannan magana, har a bakin masu ilimi, kuma tana iya kashe mutane. Ka fi ni sanin idan jirgin maɗaci ya cika da ruwa, sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su maƙale a jikinsa har masunta su iso. Katako ya fi ruwa rashin nauyi. Faiba kuwa ya fi ruwa nauyi, kamar sau ɗaya da rabi. Ɗauki ɓallin faiba ka jefa a bokiti, ƙasa zai tafi kamar tsingaro. Ƙara masa inji mai ƙarfin doki 40, wanda nauyinsa ya kusa buhun siminti ɗaya da rabi, a rataye a baya. Ruwa na shiga, gindi zai fara yin ƙasa, hanci ya miƙe sama, babu abin kamawa.

Abin da ke riƙe jirgin faiba na ƙwarai shi ne akwatunan iska da aka like ƙarƙashin kujeru da hanci da baya, ko soso na musamman da ba ya shan ruwa. Lita ɗaya ta iska na ɗaukar kilo ɗaya, lissafin ke nan. To a nan 'yan dagaji ke cin amana. Na taɓa sa a yanke kujerar wani sabon jirgi mai sheƙin fenti, sai ga soson katifa an cusa, na matse shi ruwa na tsiyaya. Wannan ai ƙarin kaya ne. Wasu su rage shimfiɗar tabarmar gilashi, su yi ta zuba rezin don ya yi kauri a ido, alhali ƙarfin a zaren yake. Wasu su cika maganin daskarwa a zafin nan namu, aikin ya ƙone ya yi gautsi. Irin wannan jirgi ya hau kututturen da tafkin Kainji ya binne tun 1968, tsagewa zai yi. Kuma da yake an gaya wa direba ba ya nutsewa, sai ya ƙara lodi, fasinja su ajiye rigar kariya. Mun ga abin da lodi ya yi a haɗarin jiragen ruwa na Wara da Bagwai a 2021, da Patigi a 2023. Rayukan nan amana ne, maƙeri ma za a tambaye shi gobe kiyama.

Idonka na sanin siffar jirgi shi ne jarinka, har abin zubin faiba daga samfurin katako ake fitar da shi. Je ka yi wata uku ko huɗu wurin masu aikin a Legas ko Fatakwal. Duk jirgin da ka gama, kai shi gaɓa inda ruwa ke iya ƙugu, ɗora masa nauyin inji, cika shi da ruwa a gaban mai saye. In ya tsaya daidai bai kife ba, ja masa layin lodi da jan fenti, sannan ka karɓi kuɗinka.