Iska ta yaye rufin firamarenmu, wa za mu kai wa kuka?

Malam, ka ce iska ta yaye rufin firamaren unguwarku a gefen birnin Kano, kana tambayar wa ke da alhakin gyara. Ku fara zama da kwamitin SBMC (kwamitin al'umma mai kula da makarantar) da hedimasta da mai unguwa, ku rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Shi zai miƙa ta ga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ke karɓar tallafin gine-gine daga UBEC, takwararta ta tarayya, tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004. Ku haɗa da hotuna, ku riƙe kwafin takardar mai hatimi. Kansilanku ma ku matsa masa lamba. Don Allah kada ku bari damina ta sauka, raina na ɓaci in na tuna yara zaune ruwa na zuba a kansu.