Manaja ya tafi ya bar mini riƙon wuri da baki kawai, ina matsayina?

Tambaya: Ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Duk lokacin da manajanmu zai yi tafiya sai ya ce mini "ka riƙe wurin", babu takarda, babu ƙarin ko sisi. A tafiyarsa ta ƙarshe an sami giɓi a sito, yanzu ana batun a cire daga albashina. Shin hakan daidai ne?

Amsa: Malam, abin da aka yi maka shi ne an ɗora maka nauyi ba a ba ka iko ba, kuma daga nan yawancin rigingimun riƙon ƙwarya suke tasowa.

Game da albashi, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya bai yarda mai aiki ya yanki albashin ma'aikaci a matsayin tara ba. Idan asara ce, sai an tabbatar cewa ganganci ko sakacin ma'aikacin ne ya jawo ta, sannan jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tun kafin a cire. Sai dai dokar ta ware masu riƙe da muƙaman gudanarwa daga waɗanda take karewa, shi ya sa nake ba ka shawara ka duba abin da takardar ɗaukarka aiki ta kira ka. Idan sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraren irin wannan ƙara.

Maganin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne rubutacciyar yarjejeniya kafin tafiya ta gaba. Ta fayyace ranar da riƙon zai fara da ranar da zai ƙare, iyakar kuɗin da za ka iya fitarwa da sa hannunka, ko kana da damar ba da kaya bashi ko ladabtar da abokin aiki, da wanda za ka tuntuɓa idan lamari ya fi ƙarfinka. Kada ka karɓi makullin sito sai an ƙirga kaya a gabanku, kai da manajan, kun sa hannu, haka kuma ranar da ya dawo, domin ba don rashin wannan ƙirgar ba da tuni an san ko giɓin ya riga riƙonka. Alawus ɗin riƙo sananne ne a aikin gwamnati, amma a kamfani mai zaman kansa abin da aka rubuta ne kawai za ka iya nema, don haka a sanya adadinsa.

Kada ka ji nauyin neman takarda, ko ka ɗauka rashin yarda ne ga maigidanka. Ƙasa guda ma ta taɓa shiga wannan ruɗani: da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009 ba tare da aika wa Majalisa wasiƙar miƙa riƙo ga mataimakinsa, wadda sashe na 145 na tsarin mulki ya ambata, ba, sai 9 ga Fabrairun 2010 Majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa, daga baya aka gyara sashen aka sanya wa'adin kwana 21 na aika wannan wasiƙa.

A yanzu, rubuta wa shugabannin kamfanin takarda cikin ladabi, ka nemi a nuna maka lissafin siton na ranar da manajan ya tafi, ka kuma ajiye kwafi a wurinka.