Ciyayyar da ka gani a tsohon hoton Kano

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso tare da guntun tsohon shirin talabijin ɗin da ka turo, an kuma buɗe mini na kalla. Ka ce ka ga dattawa zaune kan tabarma a ƙofar wani soro, kwanuka jere a gabansu, ka rasa gane ko suna ake yi ko ɗaurin aure, in kuma ba biki ba ne, me zai sa magidanci ya bar ɗakinsa ya fito waje da tuwonsa. Ka ce tun da ka kalla kake jin kewar zamanin da ba ka rayu a cikinsa ba, har kana shawarar gwada irin haka a unguwarku.

Ba biki ba ne. Ciyayya ce, kuma kowane dare ake yin ta.

Bari in fara gaya maka lokacin da aka ɗauki hoton, tunda ba a rubuta ba. Duba motocin da ke wucewa ta wajen Ƙofar Mata, hannun dama suke bi, ka ga ke nan bayan watan Afrilun 1972 ne, lokacin da aka sauya hannun tuƙi. Akwai tasi ƙirar Peugeot 504, wadda ta cika gari bayan an fara haɗa ta a Kaduna a 1975. Keke ya fi mota yawa, ga Vespa jefi-jefi, ga masu tura kura, amma babu ɗan acaɓa ko ɗaya. Ni dai a ganina ƙarshen shekarun 1970 ne ko farkon 1980, zamanin da gidan talabijin na tarayya ke fita ɗaukar irin waɗannan shirye-shirye, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya kafa tashar talabijin ta jihar Kano, wato CTV, ko kuma daf da kafa ta. Kai ba a ma yi auren iyayenka ba.

Ga yadda abin yake tafiya. In an idar da sallar isha a masallacin unguwa, wasu lungunan kuma tun bayan magariba, magidanta ba sa watsewa. Sai su zarce ƙofar gidan wanda ya fi shekaru, ko malamin lungu, ko wanda dakalinsa ya fi faɗi. Kafin nan yara sun share wurin, sun yayyafa ruwa saboda ƙura, sun shimfiɗa tabarmi, sun kawo buta. Daga kowane gida yaro zai fito da abincin maigida, tuwo a akushi ko langa, miya a ƙaramin kwano, an rufe da faifai. Ya durƙusa ya ajiye, ya gaishe su, ya juya. Kada ka ɗauka kowa nasa yake ci a gefen ɗan'uwansa. Kwano ɗaya ake jawowa tsakiya, a yi bisimilla, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. A dare guda sai mutum ya ci tuwon dawa da miyar kuka, ya ci na gero da busasshiyar kuɓewa, ya taɓa dambu, wata rana har shinkafa in wani ya samu.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wanda kyamara ba za ta iya ɗauka ba. A lungunmu, dattijon da ke jawo kwano ya san gidan da kowanne ya fito, ya kuma san halin da kowane gida ke ciki. Wanda miyarsa ba ta ga man shanu ba, balle nama, shi yake fara jawowa, lokacin da kowa ke jin yunwa, a cinye shi tas. Na mai hali, wanda ƙamshinsa ya riga shi isowa, shi ake bari ƙarshe. Da haka mai ƙaramin ƙarfi yake cin nama ba tare da ya roƙi kowa ba, kwanonsa kuma ya koma gida babu ko loma, matarsa ta ga an ci girkinta kamar na kowa. Ba a yabon miyar wani a kushe ta wani. In aka kwana biyu kwanon mutum bai fito ba, ba mai tambayarsa dalili a gaban jama'a. Zamansa zai yi ya ci kamar kullum. Washegari da safe sai tiya biyu ta dawa ta shiga gidansa ta hannun mata, a ce ga shi in ji wance, a yi wa yara kunu. Rufin asiri ne aka shirya shi ta yadda wanda aka rufa wa ba zai sunkuyar da kai ba. Malamanmu kan kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, da wanda ya umarci Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa. Mutanen da ka gani a hoton nan da yawansu ba za su iya kawo maka nassin ba, amma da shi suke kwana.

Ba kowa ke zama da kowa ba. Ɗa ba ya haɗa hannu da mahaifinsa, suruki ba ya ci gaban surukinsa, wannan kunya ce da ba a wasa da ita. Samari suna da tasu tabarmar can gefe, su ma da nasu kwanukan. Yara kuwa a cikin gida ake haɗa su kwano ɗaya, ƙarami ya riƙe bakin kwanon da hannun hagu, kada ya riga babba ɗaukar nama, kada ya ci gaban wani, babba kuma shi ke fara tsame hannu ya bar wa ƙaninsa saura. Ni da babanka haka muka tashi, kuma a bakin kwanon nan muka koyi yawancin ladabin da muke da shi. Abin da ya rage a wajen dattawa na almajirai ne, sun san lokacin, suna tsaye nesa kaɗan da ƙoƙunansu. Baƙon da dare ya yi masa, ko fatake da suka kawo kaya kasuwar Kurmi, ko ɗalibin da ya zo neman ilimi unguwar Madabo, in ya yi sallama an ce bisimilla, ya ci, a shimfiɗa masa a soro. Sai ya kwana ya huta ake tambayarsa daga ina.

In an wanke hannu sai hira. A nan ake jin wanda ba shi da lafiya, a sa ranar dubiya. A nan ake binciken asalin yaron da ya zo neman 'yar wani. Rigimar indararo tsakanin maƙwabta, ko ta iyakar katanga, a nan take mutuwa kafin ta kai gaban mai unguwa, balle alƙali. In damina ta gabato a nan ake tsara gayyar yaɓe, a fara da gidan gwauruwa ko na marayu. Wani zai kunna rediyo a ji Kaduna ko BBC, a yi ta muhawara a kan Malam Aminu Kano da jam'iyyu har fitilar ƙwai ta fara lumshewa.

To amma kada hoton ya rinjaye ka gaba ɗaya. Ka lura da hasken rana aka ɗauki wurin cin abincin nan, alhali ciyayya ta dare ce. Na'urorin lokacin ba sa ɗaukar duhu sai da manyan fitilu, don haka ina kyautata zaton roƙonsu aka yi su zauna da la'asar su nuna yadda suke yi. Na taɓa ganin zuwan masu ɗaukar hoto unguwarmu. Tun ana gobe mai unguwa ya aiko, aka share lungu, kowa ya ɗauko rigarsa ta Juma'a, aka kore awaki. Ba ƙarya suka nuna ba, amma gari ne da ya yi wanka don baƙo. Tsabtar titin da ta ba ka sha'awa, wani ɓangarenta gaskiya ne, domin leda ba ta zo ba tukuna, a ganye da takarda ake ƙunshe kaya, mata na aika yara cefane da kwando, ga kuma tsoron duba-gari. Amma warin rafin Jakara ba ya fitowa a talabijin.

Sannan ka ƙirga matan da ka gani a shirin. In ka cire 'yan mata masu talla da tsofaffi biyu a bakin kasuwa, babu. Alhali duk kwanon da ka ga an ajiye a tabarmar nan, mace ce ta yi surfe, ta yi daka, ta tankaɗe, ta sha hayaƙin itace tun la'asar kafin ya fito. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zama a ƙofar gida ba, amma ta san girkin kowace mace a lungun, su ma sun san nata, domin su ma suna da tasu ciyayyar: kwano na tsallaka katanga, yara na kai wa mai jego da mara lafiya da tsohuwar da ba ta da kowa. Daga cikin kulle suke sana'ar ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da fura, suna zuba adashi, da kuɗin nan ake yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki. Kuma gaskiya ciyayya tana da nauyi a kansu. Akwai mazan da in kwanonsu bai yi armashi a waje ba sai su shiga gida da faɗa, ba su tuna nawa suka bayar na cefane ba. Akwai gidan da ake tsame naman duka a kai waje don a fita kunya, yara su lashi romo. Wannan ba abin kewa ba ne, kuma ban yarda a dawo da shi ba.

Haka nan hoton bai nuna maka ƙyanda ba, wadda kan shiga lungu da bazara ta ɗauki yara a jere. Bai nuna shan-inna ba, bai nuna matan da suka rasu a wajen haihuwa ba, bai nuna mutanen da farin 1973 ya koro daga ƙauyuka da Nijar suka cika bakin ganuwa ba. Bai nuna talakan da ke ɓuya saboda haraji ba, kafin Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau mulki a 1979. Ina kewar zamanin nan fiye da kai, domin mutanena ne a ciki, yawancinsu suna ƙasa. Amma ba zan ce maka komai nasa alheri ne ba.

Ka tambayi abin da ya kashe ta. Ba ta mutu ƙurmus ba, har gobe akwai lungunan cikin birni da ƙauyuka da ake yi. Amma ta ja baya ƙwarai, kuma ban yarda da masu cewa zukata ne kawai suka lalace ba. Da, mutum a unguwarsu yake sana'a, ko marini ne ko baduku ko maɗinki, mafi nisa ya je Kurmi ko Kantin Kwari ya dawo kafin magariba. Da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka buɗe, aka fara aikin dare da na rana, ma'aikacin gwamnati kuma aka ba shi gida a wata unguwa. Gidajen gado aka rarraba, soron da ake zama aka fasa shi aka yi shago, aka rushe dakali don mota ta samu hanya. Masu hali suka fita sababbin unguwanni suka ja doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba soro ba dakali, aka bar marasa hali su kaɗai a lungu, ciyayya kuwa ba ta yin daɗi sai da mai shi da mara shi a tabarma ɗaya. Tsadar da ta biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, wato SAP, na 1986 ta sa magidanci da yawa ya fara jin kunyar abin da zai fitar. Ita kanta talabijin ɗin da ta adana maka hoton tana da hannu: da ta shigo gidaje, yara suka bar dandali da tatsuniya suka taru gidan mai akwati, daga baya iyayen ma suka bi su ciki. Bayan hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 kuwa, da dokar hana fita da tsoron baƙuwar fuska, sai ya zama ba mai yarda wanda bai sani ba ya kwana masa a soro.

Game da gwadawa a unguwarku, na ji daɗin wannan niyya, Allah ya yi maka albarka. Sai dai kada ka fara da kiran taro ko kafa kwamiti da tara kuɗi, ba haka aka yi ta ba. Kada kuma ka ce kullum, mutanen yanzu ba za su iya ba. Azumi ya fi sauƙin farawa, tunda an riga an saba fito da kayan buɗa-baki masallaci. Ka samu limaminku da mutum biyu ko uku da kuke sahu ɗaya, ku ce bayan sallah za ku ci gaba ko da daren Juma'a ne kawai. Ka fara shawara da matarka kafin kowa, domin aikin a kanta zai sauka, kuma ranar da ba ta da hali ka sayi ƙosai ko gurasa ka fita da shi, ba aibu ba ne. Abin da kuke ci a gida shi za ka fitar, kada a yi girki na musamman, in ba haka ba gasa za ta shigo, mai ƙaramin ƙarfi ya daina zuwa. Ku kira maigadin layinku da mai shagon bakin titi da malamin makarantar allo, ku zauna tabarma ɗaya. Wayoyi su zauna a aljihu, kada wanda ya ɗauki hoton kwanon wani ya sa a Facebook. In ka ga kai ne aka bar wa jawo kwano, ka san wanda za ka fara da shi.

In ka shigo gari ka zo da shirin cikakke, ba guntun nan ba, mu kalla tare da babanka, ya fi ni gane lungunan wajen Ƙoƙi da Sarari. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah ya yi muku albarka, ya rufa asiri duniya da lahira.

Baffanka.