Gasa, takara ko gogayya? Amsoshi kan kalmomin kasuwar kwamfuta

Yawancin tambayoyin wannan makon daga 'yan'uwanmu ne masu harkar kwamfuta a Jidda da Riyad.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, a shagonmu da ke titin Khalid bin Walid a Jidda, Larabawa na cewa akwai "munafasa" tsakanin Dell da HP da Lenovo. Mu gasa za mu ce ko takara?

Amsa: Gogayya za ku ce. Gasa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, da alƙali, da kyauta, kamar ta karatun Alƙur'ani. Takara kuwa kujera ɗaya ake nema, wanda ya samu ya hau, saura su koma gida. Waɗannan kamfanoni uku su suka riƙe mafi yawan kasuwar kwamfutocin manyan ayyuka, babu mai busa musu usur, babu kuma wanda zai koma gida. Kullum kafaɗa na gugar kafaɗa, daga "goga" ɗin nan kalmar ta fito. Masu cewa "abokin hamayyar Dell" kuma su bar wa 'yan siyasa kayansu.

Tambaya: Na ga an rubuta "tashar aiki" don fassara kalmar Larabci "mahaɗɗat amal". Daidai ne?

Amsa: Ba daidai ba ne, ɗan'uwa, kuma wannan ɗabi'a ta ɗauko kalma a ajiye kalma tana ɓata mana harshe. Bahaushe in ya ji tasha, mota yake gani da 'yan kamasho, ko jirgin ƙasa, ko rediyo. Ka ce wa injiniya ka kawo masa tashar aiki, sai ya leƙa waje. Abin da ake nufi kwamfuta ce da aka ƙera don aiki mai nauyi: zanen gine-gine da AutoCAD ko Revit, zanen injuna da SolidWorks, tace bidiyo, lissafin ƙarƙashin ƙasa na masu haƙar mai. Ni "kwamfutar manyan ayyuka" nake cewa. "Babbar kwamfuta" ba ta gamsar ba, don akwai ta ɗauka a jaka, kuma girman akwati ba shi ne ya bambanta ta da ta ofis ba.

Abin da ya bambanta ta yana ciki. Ƙwaƙwalwarta galibi Xeon ce ta Intel ko Threadripper Pro ta AMD. Ma'adanarta ta wucin gadi nau'in ECC ce, wadda in ɗigon bayani ɗaya ya juye sai ta gyara da kanta, in biyu ne ta gano ta sanar. Kwamfutar ofis ba ta da wannan, shi ya sa lissafin da ya kwana yana gudana kan iya fitowa da kuskure ba wanda ya sani. Katin hotonta na ƙwararru ne, irin wanda Nvidia ta daɗe tana kira Quadro kafin ta koma kiransa RTX. Manyan cikinsu akwatin wutarsu kan kai wat 1,000 ko fiye. Sannan akwai shaidar masu manhaja, wato kamfani irin Autodesk ya gwada samfurin ya tabbatar manhajarsa na tafiya a kansa. Wannan shaidar ita kamfanonin gine-gine ke biya wa kuɗi, don in zane ya riƙa rufewa da kansa akwai wanda za a kama. HP na kiran nata Z, Lenovo ThinkStation, Dell kuwa Precision tun 1997, sai a farkon 2025 ta sanar da sunan Pro Max. Wanda ya haɗa kwamfutar wasanni ya sa mata fitilu masu launi ya kira ta da wannan suna, ya ji tsoron Allah.

Tambaya: "Karen bana shi ke maganin zomon bana" ya dace da Lenovo?

Amsa: Rabi da rabi. Ma'anar karin maganar ita ce matsalar zamani sai ɗan zamani. Inda ta zauna daram shi ne shekarun 1990, lokacin da Sun Microsystems da Silicon Graphics ke jan zarensu da ƙwaƙwalwar da suka keɓanta da ita da tsarin Unix, a farashi mai tsada. Sai injunan Intel masu Windows NT suka zo suna yin kusan aikin a kuɗi kaɗan. Silicon Graphics ta durƙushe a 2009, Oracle ta saye Sun a 2010. Lenovo kuwa ba sabon kare ba ne sak: a 2005 ta sayi sashen kwamfutocin IBM, sunan "Think" ma gado ne, nan sai a ce da tsohuwar zuma ake magani. Inda ta yi halin karen bana shi ne 2020, da ta riga kowa fito da ThinkStation P620 mai Threadripper Pro, Dell da HP suka biyo daga baya. A 2024 kuma ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 2 da kamfanin Alat na Saudiyya, aka aza harsashin masana'antarta a Riyad a 2025. A lura, "maganin" ake cewa. Masu cewa "kamun zomon bana" sun rage wa maganar gishiri.

Tambaya: Wani ya sayi tsohuwar HP Z a unguwar Olaya ta Riyad ba a kunna ba, ta ƙi aiki. "Araha ba ta ado" za a ce masa?

Amsa: A'a, cinikin biri a sama ya yi. Araha ba ta ado ana faɗarta ne ga wanda ya ga kaya da idonsa ya zaɓi mai sauƙin kuɗi. Tsohuwar irin wannan na'ura ba laifi ba ce, amma a kunna ta a gabanka. A duba lambar jikinta a shafin kamfanin a ga shekararta da sauran garantinta, don kayan da ba ta hannun wakili suka shigo ba yana iya ƙin karɓarsu. A buɗe murfi a ga ko ma'adanar ECC ce ko an musanya ta. A dubi fankoki, ƙurar Riyad kan toshe su, zafi ya taru, na'urar ta rage gudu da kanta. A tambaya kuma ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari.

Tambaya: "Damani" da Larabawa ke cewa lamuni ne?

Amsa: A kasuwar kaya garanti ne. Lamuni na bashi ne da tsaya wa mutum.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Makka: Kwamfuta ko na'ura mai ƙwaƙwalwa?

Amsa: Duk Hausa ne, Hajiya. Ta biyun ta fi dacewa da labaran rediyo, a shago kuwa kafin ki gama faɗa mai saye ya wuce gaba.