Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Dakota ta Arewa

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, na ga saƙonka inda ka ce jami'ar da ke garin Mayville a jihar Dakota ta Arewa ta ƙasar Amurka ta ba ka gurbin karatu, amma da ka duba alƙaluman ƙidaya sai ka ga mutum 1,854 kawai aka rubuta wa garin, har kake tambaya ko kuskure aka yi. Babu kuskure a ciki, abin da ƙidayar shekarar 2020 ta samu ke nan, kuma gara ka fahimci ma'anarsa tun kana gida.

A wannan jiha, duk garin da aka yi wa rajista yana da hukumarsa ana kiransa birni a hukumance, komai ƙanƙantarsa, don haka kada kalmar ta sa ka hango Zariya ko Katsina. Jihar baki ɗaya mutum 779,094 aka ƙirga a cikinta a 2020, alhali faɗin ƙasarta ya ninka na jihar Kano kusan sau tara, ita kuwa Kano tun a ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan tara. Fargo, inda nake zaune, shi ne birni mafi girma, kuma mutanensa 125,990 ne a wannan ƙidayar ta 2020. Bismarck, babban birnin jihar, yana da 73,622, Grand Forks kuma 59,166. In ka fita daga waɗannan, za ka yi tafiya mai nisa ba ka ganin komai sai gonakin alkama da waken soya, sai kuma dogon rumbun hatsi a gefen layin dogo, wanda shi ne yake fara sanar da kai cewa ka kusa shiga gari.

Akwai abin da ya kamata ka lura da shi a lambar Mayville ɗin. Hukumar Ƙidaya ta Amurka tana ƙirga mutum ne a inda yake kwana a mafi yawan lokaci, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, saboda haka ɗaliban da ke ɗakunan kwanan jami'a suna cikin wannan adadi. Idan aka yi hutun bazara suka watse, garin yakan ƙara yin tsit. Haka kuma, idan ka ga an ce jihar ta ƙaru da kusan kashi 16 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kada ka ɗauka ƙaruwar ta game ko'ina. Haƙar man fetur a yammacin jihar ce ta jawo jama'a, har Williston ya tashi daga 14,716 zuwa 29,160, sai kuma yankin Fargo da Bismarck, amma ƙananan garuruwan noma da yawa raguwa suka yi domin matasansu suna ƙaura.

Ka kuma tambaye ni ko akwai Musulmi da 'yan Afirka. Takardar ƙidaya ba ta tambayar addini, don haka ba za ka sami amsar farko a cikinta ba. Baƙaƙen fata kuwa ba su kai kashi huɗu cikin ɗari na jihar ba, kuma akasarinsu suna manyan garuruwa ne. Sauran alƙaluman da kake gani game da albashi da kuɗin haya, daga wani binciken samfuri na shekara-shekara suke fitowa, kuma a ƙaramin gari gidaje kaɗan ake tambaya, shi ya sa ake rubuta wata lamba a gefe mai nuna iyakar kuskuren da ka iya shiga. Ka riƙa duba ta kafin ka dogara da adadin. Abin da zan shaida maka da idona shi ne, a Fargo akwai masallaci da shagunan Somaliyawa inda ake samun naman halal, ga 'yan Laberiya da Sudan da Bosniya, kuma a Grand Forks ma ana sallar Juma'a. Musulunci ba baƙo ba ne a nan, domin tun 1929 wasu manoma da suka zo daga yankin Siriya da Lebanon suka gina masallaci a ƙauyen Ross.

Daga Mayville zuwa Fargo tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, kuma wannan ne ya fi damuna game da kai. A watan Janairu, lokacin da za ka ga wayar lantarki tana leƙowa daga gaban motoci an jona ta a bango don kada inji ya daskare, wanda ba shi da mota yakan yi makonni bai fita daga harabar makaranta ba. Bizar ɗalibi kuma, in ba da izini na musamman ba, ba ta ba ka damar aiki sai a cikin makaranta, awa 20 a mako lokacin karatu, kuma ƙaramar jami'a guraben aikinta kaɗan ne.

Ban ce kada ka zo ba, domin a irin wannan makaranta malami yakan san ka da suna, haya kuma ta fi sauƙi. Sai dai kafin ka biya kuɗin biza, ka rubuta wa ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ka tambayi adadin 'yan Afirka da ke karatu a can bana, da ko ɗakunan kwana suna buɗe a lokacin hutun hunturu, da yadda marasa mota suke zuwa Fargo. Ka turo mini amsarsu mu duba tare, in Allah ya yarda.