Amsa ga mai tambaya ko an yi wa wayarta kutse

Wa'alaikumussalam Hajiya. Kin ce wayarki tana zafi, caji baya daɗewa, kuma wani ya kira ki wai daga banki yake yana neman lambar da ta shigo miki ta mesej.

Zafi da cin caji sau da yawa batir ne ya gaji, balle a zafin Makka. Kiran nan shine abin tsoro. Banki baya tambayar wannan lambar ta waya, haka Absher (manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya), kuma in Nafath (manhajar gwamnatin Saudiyya ta tantance mutum) ya turo miki buƙata alhali ba ke kika fara komai ba to kar ki amince, da wannan amincewar ake buɗe asusu ko a yi rijistar layi da iƙamar mutum (katin izinin zama) bai sani ba.

Ki shiga saitin WhatsApp ki duba na'urorin da aka haɗa, duk wadda baki gane ba ki cire ta, sannan ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa fin mai lamba 6 wanda ba shekarar haihuwarki ba. Gmail ma ki canza fasuwod. In akwai GB WhatsApp a wayar dan Allah ki goge, mutanenmu suna sonsa amma ba daga Play Store yake ba.

A Saudiyya, mesej ɗin damfara ana kai rahotonsa ta hanyar tura shi zuwa lambar 330330. In kuwa kin riga kin bada lambar, kira bankinki yanzu su rufe katin, ki kai ƙara ta manhajar Kollona Amn ta jami'an tsaron Saudiyya, kar ki tsaya jiran mai gyaran waya.