Shin tsayuwa a filin ƙwallo ce ke kashe 'yan kallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a Rikkos cikin garin Jos. Ɗana mai shekara 17 ya shiga cikin samarin nan masu bin Plateau United da ganguna, duk ranar wasa sai filin Zaria Road. Ya ce mini su ba sa zama, a tsaye suke tun daga farawa har a tashi. To ƙanena ya ce a Ingila hana tsayuwa aka yi, domin ta taɓa kashe mutum kusan ɗari a rana ɗaya. Tun da na ji haka, ranar wasa hankalina ba ya kwanciya sai na ga shigowarsa. In riƙa ba shi kuɗin kujerar rumfa ne, ko in hana shi zuwa ɗungurungum?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya tsare shi a fita da dawowa. Fargabarki a kan hanya take, don ana mutuwa a filin ƙwallo. Sai dai ƙanen naki ya kawo miki rabin labari, kuma rabin da ya bari shi ne mai ceton rai.

Abin da yake nufi ya faru ne a filin Hillsborough da ke Sheffield ranar 15 ga Afrilu 1989, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest. Mutum 97 ne suka rasu sanadinsa. Ki ji yadda aka yi. Magoya bayan Liverpool 10,100 masu tikitin tsayuwa, mashiga bakwai kacal aka ware musu. Jama'a suka taru a waje, sai 'yan sanda suka ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita, mutum wajen 2,000 suka kwararo ciki, babu wanda ya karkata su zuwa gefen da ke da sarari. Suka bi ta wani lungu suka faɗa keji biyu na bayan raga, waɗanda aka ƙiyasta wa mutum 2,200, har suka haura 3,000. Gabansu shingen ƙarfe, gefensu shinge. Alƙali Taylor da ya yi bincike ya ce babban dalili shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taro, kuma a 2016 kotun bincike ta wanke magoya bayan tas. Gaskiya ne an wajabta kujeru a manyan rukunai biyu na gasar ƙwallon Ingila daga 1994, amma tun Janairun 2022 tsayuwa ta dawo a hukumance a filaye irin na Manchester United, Manchester City, Tottenham da Chelsea. Kowa da tikitinsa da gurbinsa, kowane layi da tokarin ƙarfe a gabansa, ta yadda na baya ba zai faɗo kan na gaba ba. Jamus kuwa ba ta taɓa dainawa a gasarta ba. A Dortmund mutum kusan 25,000 ne ke tsayawa a ɓangare ɗaya suna waƙa.

Aikina shi ne tsara shiga da fitar jama'a a filayen wasa, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ya wuce maganar tsayuwa. Tunanin nan ne da nake cin karo da shi kullum wajen mahukunta, cewa maganin taro shi ne a garƙame shi. A sa kwaɗo a ƙofa don kada marasa tikiti su shigo, in kuma an fara hayaniya a watsa barkonon tsohuwa. Wallahi Hajiya, waɗannan biyun sun kashe 'yan kallo a nahiyar nan fiye da yadda tsayuwa za ta taɓa yi.

Ki duba Akara ta Ghana, ranar 9 ga Mayu 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko. Filin nan da kujerunsa, kai kujerun robar ma magoya baya suka ciccire suna jifa da su bayan Hearts ta ci 2 da 1. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, aka ruga matakala, aka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka mutu. Wata guda kafin nan mutum 43 sun rasu a Ellis Park na Afirka ta Kudu, shi ma filin kujeru ne, jama'a ce ta fi ƙarfinsa. A Janairun 2022, filin Olembe na Kamaru sabo ne dal, amma mutum 8 suka rasu a bakin ƙofa kafin wasan Kamaru da Komoros, kuma shugaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF, da bakinsa ya ce ƙofar da ya kamata a buɗe ce aka bari a rufe. A Oktoban shekarar kuma, a filin Kanjuruhan na Indonesiya, hayaƙin nan da ƙuntatattun ƙofofi suka ci rai 135, alhali babu ma magoya bayan baƙi a filin balle a ce faɗa aka yi tsakanin ɓangare biyu. Dokar tsaron filaye ta FIFA, sashe na 19, ta hana masu gadin bakin fili ɗaukar bindiga ko hayaƙin tarwatsa taro. A rubuce take, amma sau nawa ake karanta wa jami'in da aka turo da safe?

Da idona na gani a wani fili da ba zan kama sunansa ba. Ana saura minti goma a tashi, na zagaya ƙofar fita ta bayan ɓangaren talakawa, na tarar da sarƙa an naɗe ta sau uku, ga wani ƙaton kwaɗo ya yi tsatsa, ga mai rake ya jingina baronsa a jiki yana fere. Na tambayi makulli, aka ce yana wajen oga, oga kuma yana can rumfar manya yana kallo. A zaman da ake yi kafin wasa an ɓata lokaci kan kuɗin ƙofa da motar wa za ta shiga ciki, ba a tambayi ko ƙofofin fita nawa ke buɗuwa ba. In ka tayar da maganar sai a ce a kai wa kwamiti. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar Ingila ita ce a iya kwashe 'yan kallo daga mazauninsu cikin minti 8, kuma ba a lissafa wa mashiga ɗaya sama da mutum 660 a awa. Wanda ya san wannan lissafi ba zai tara dubban mutane a kan ƙofa ɗaya ba. Haka nan wanda ke sanar da cewa yau shiga kyauta ce don a yaba masa, ba tare da an raba tikitin da za a ƙirga kawuna da shi ba, ganganci yake yi da 'ya'yan mutane, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Abin da masu kwaɗon nan ba su gane ba shi ne yadda ake mutuwar. Suna ɗauka tattake mutum ake yi saboda rashin tarbiyyar 'yan kallo. Akasari ba haka ba ne. Yawancin waɗanda ke rasuwa a turmutsutsu numfashi ne ke gagararsu, wasu ma a tsaye suke cikawa. Murabba'in mita ɗaya bai fi 'yar tabarmar da mutum biyu za su zauna a kai ba. Ƙa'idar tsayuwa ta Ingila ba ta yarda a kai cikakken mutum biyar a kansa ba. In aka kai shida ko bakwai, ƙirji ya daina samun wurin buɗewa, duk numfashin da ya fita ba ya dawowa daidai. Na baya bai san na gaba na mutuwa ba, shi dai gudun hayaƙi yake, idonsa na zubar da ruwa. Wa za ka zarga a nan, shi ko wanda ya kulle ƙofar?

Ba ina wanke magoya baya ba ne. Abin da aka yi a filin Moshood Abiola na Abuja ranar 29 ga Maris 2022, bayan kunnen doki 1 da 1 da Ghana ya hana mu zuwa Kofin Duniya, abin kunya ne. An kutsa cikin fili an yi ɓarna, FIFA ta ci tarar Najeriya faran 150,000 na Switzerland da wasa ɗaya babu 'yan kallo. Filin nan mai ɗaukar sama da mutum 60,000 kowa da kujerarsa yake, ba ta zaunar da kowa ba. Jifan alƙalin wasa da ledar ruwa ko dutse shi ke ba mai hayaƙi hujja, don haka ki ja wa yaronki kunne a kan wannan sosai.

Hana shi zuwa kuwa, ban ba ki shawara ba. Jos garin ƙwallo ne tun zamanin Mighty Jets da suka lashe gasar ƙasa ta farko a 1972, ga Plateau United a 2017, ga Mikel Obi da Ahmed Musa duk 'ya'yan garin. Masu gangar nan su ne armashin fili, kuma ba a kaɗa ganga da kyau a zaune. In kin hana shi, zai je a ɓoye, ba ki san ta ƙofar da ya bi ba. Kuɗin rumfa ma ba zai raba shi da abokansa ba.

Ki zaunar da shi ki gaya masa ya riƙa zuwa da wuri, kada ya shiga sahun masu danna ƙofa ana gab da busa usur. Da ya shiga ya duba ƙofar fita mafi kusa, in ya ga kwaɗo a jiki ya sanar da shugabansu su yi magana tun kafin a fara, shi kuma ya canza wuri. Kada ya tsaya a jikin shinge ko bango ko bakin matakala. In ya ji an matse shi har ba ya iya ɗaga hannu ya taɓa fuskarsa, lokacin fita ya yi. Ya dunƙule hannuwa a gaban ƙirji irin tsayuwar ɗan dambe, ya riƙa zamewa gefe gefe, kada ya yi kokawa da turin. Takalmi ko waya in sun faɗi ya bar su, kada ya sunkuya. In an harba hayaƙi, ya nufi inda iska ke fitowa da inda babu cunkoso, ba inda kowa ya nufa ba. In an tashi lafiya kuma, ya dakata kamar minti goma sha biyar a wurinsa kafin ya fito, sannan ya kira ki.